Babana, ɗan koyo har furfura

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi aikin buga wayar tangarahu, ya yi aikin lamba, wato yi wa mutane rigakafi, lokacin da ake yaƙi da cutar agana, ya tuƙa babbar mota, ya gyara agogo, ya gyara rediyo, ya ɗauki hoto. A tsakanin waɗannan akwai ƙanana da ba na ma sa su a lissafi, irin su buga tafireta da gyaran keken ɗinki. Tun da ya rasu nake jin mutane suna ambatonsa da murmushi, su ce ai shi bawan Allah ne da bai iya zama wuri ɗaya ba, yau nan gobe can. Na san ba da mugun nufi suke faɗa ba, amma maganar tana sosa mini rai. Ni a gabansa na tashi, na ga yadda yawancin sana'o'in nan suka zo da yadda suka tafi. A cikinsu duka guda ɗaya tak ya bari don ganin damarsa. Sauran a hannunsa suka mutu, yana riƙe da su, kuma duk wadda ta mutu sai ya tattara girmansa ya ajiye gefe, ya je ya durƙusa gaban wani ya ce a koya masa wata.

Aikinsa na farko a bakinsa na ji labarinsa, don ba a haife ni ba tukuna. Yana saurayi aka ɗauke shi a ofishin waya na wata tashar jirgin ƙasa, aka zaunar da shi gaban ɗan ƙarfen nan da ake dannawa da yatsa, aka ce ya haddace harufan Morse. Kowane harafi da irin bugunsa, gajere ko dogo ko haɗinsu. E bugu ɗaya ne gajere, T bugu ɗaya dogo, don su suka fi yawan fitowa a rubutun Turanci, sai aka ba su mafi sauƙi. Tun 1844 Samuel Morse ya aika shahararren saƙonsa na farko ta waya a Amurka. Ke nan lokacin da Baba ya kama aikin, sana'ar ta haura shekara ɗari, ta riga ta fara tsufa, shi kuwa gani yake ya kama abin da zai ci har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya fi ba mu labari a kai shi ne hannun mutane. Ya ce kowane mai buga waya da yadda yake bugunsa, wani mai gaggawa, wani mai jan dogon bugu fiye da ƙima, wani sai ya ɗan tsaya kafin lambobi. Akwai wani ma'aikaci a wata tasha mai nisa da suka shafe shekaru suna karɓar saƙo daga juna, ba su taɓa haɗa ido ba. Wata safiya Baba ya ji bugun mutumin ya yi nauyi, yana karkarwa, sai ya bugo masa, lafiya kuwa? Mutumin ya amsa cewa da zazzaɓi ya kwana. A wannan ofishin ne kuma ya koyi riƙe baki. Saƙon mutuwa ta kunnensa yake fara bi kafin ya kai ga masu shi. Zai rubuta shi da tsaftataccen hannu, ya rufe, ya miƙa wa ɗan aike, wani lokaci ma ya gamu da mai saƙon a hanya su gaisa, mutumin yana dariyarsa, shi kuma ya san abin da ke jiransa a gida. Har ya bar duniya ban taɓa jin ya kwashi maganar wani ya kai wa wani ba, kuma ina jin daga can abin ya samo asali.

Sai aka kawo injin da ke buga saƙo da kansa a kan takarda, wayar tarho kuma ta yawaita. Aka rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka sallama, shekarunsa ba su kai na fansho ba. Jiragen ruwa ne suka ci gaba da riƙe Morse don neman agaji har zuwa 1999. Ranar da ya ji a labarai cewa su ma sun ajiye, ya daɗe yana ƙwanƙwasa yatsa a kan tebur, muka tambaye shi me yake rubutawa, ya ce sunan abokin nan nasa na tasha mai nisa.

Daga nan ya faɗa aikin da ya fi alfahari da shi. A 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura ɗamarar kawar da agana daga doron ƙasa. Yaran yanzu ba su san ta ba, alhamdu lillahi. A wancan lokaci tana kama mutum miliyan 10 zuwa 15 kowace shekara a duniya. Mai tsananin cikinta tana kashe kusan uku cikin goma na waɗanda ta kama, wanda ya tsira kuma ya tashi da zanzana a fuska, wani ma da makanta. Ana neman matasa masu iya karatu da rubutu da juriyar tafiya, Baba ya ba da sunansa. Mutumin da bai taɓa riƙe allura ba ya zauna a aji tare da yara sababbin gama makaranta, yana koyon yadda ake dama busasshen maganin rigakafi da ruwansa, da yadda ake tafasa allurai, da yadda ake bambance ƙurajen agana da na ƙaranbau. Na agana sun fi yawa a fuska da hannuwa da ƙafafu, har tafin hannu, kuma tare suke nuna. Na ƙaranbau a gangar jiki suka fi taruwa, wasu na fitowa wasu na bushewa.

Ya ajiye allura ɗaya ta wannan aiki a cikin wani ɗan gwangwani, na sha riƙe ta. Siririn ƙarfe ne mai baki biyu. In aka tsoma shi a magani, ɗigo ɗaya yakan maƙale tsakanin bakunan, wannan ɗigon ya ishi mutum guda. Za a kama dantse, a tsattsaga fata da sauri sau 15 a wuri ɗaya har sai jini ya ɗan nuna. Bayan 'yan kwanaki wurin ya yi ƙurji, ya kumbura, ya yi ɓawo, wajen mako na uku ɓawon ya faɗi ya bar tabo. Tabon nan shi ne shaida, shi ake dubawa a san wanda aka yi wa da wanda aka tsallake. Baba yakan kama dantsen tsoho a wurin hira ya duba, ya ce wannan lambar hannun gwani ce, waccan kuwa mai yin ta tsoro yake ji.

Ya ce allurar ba ta da wuya, mutane ne masu wuya. Uwa ta ɓoye ɗanta mai ƙuraje a ƙuryar ɗaki don kada a raba ta da shi, kai kuma in ba ka gano shi ba, gobe gida goma sun kamu. Daga baya dabarar da aka fi dogara da ita ke nan: a nemo inda cutar ta ɓulla, a killace mara lafiya, a yi wa duk na kewaye da shi lamba, cutar ta rasa inda za ta tsallaka. Suna yawo da hoton yaro mai agana suna nuna wa 'yan makaranta, don yara ba sa ɓoye abin da suka gani a gida. Baba ba ya faɗa da kowa. Sai ya naɗe hannun rigarsa ya nuna nasa tabon, ya ce, "Inna, ni ma uwa ce ta haife ni, ga nawa nan." Da cutar ta ƙare a yankin da suke aiki, aka gode musu aka watse. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a Somaliya aka same shi, a 1977, sannan ranar 8 ga Mayu 1980 aka shelanta wa duniya cewa agana ta ƙare. Wannan aikin nasara ce ta kashe shi. Ina so masu cewa Baba ba ya zama wuri ɗaya su gaya mini yadda mai lamba zai ci gaba da zama bayan cutar da yake yi wa lamba ta bar duniya.

Tuƙi bai daɗe a kansa ba. Direban tawagarsu ne ya koya masa, da aikin ya ƙare ya samu lasin ya kama babbar mota mai tafiyar dare. Wata asuba gyangyaɗi ya ɗauke shi a kan sitiyari, bai farka ba sai da tayar gaba ta sauka daga kwalta. Allah Ya tsare, babu wanda ya ji ko ƙwarzane. Ya kai kayan inda aka aike shi, ya dawo ya miƙa wa mai motar makullinsa. Mai motar ya yi ta lallashi, ya ce kowane direba yana da irin wannan rana. Baba ya ce shi idonsa ya riga ya gaya masa gaskiya, ba zai jira ya gaya masa sau biyu da ran wani ba. Wannan ce kaɗai sana'ar da ya bari tana da rai, kuma ita ce ta fi duk sauran kawo kuɗi.

A nan ne ni na fara wayo. Baba yana da iyali, gemunsa ya fara cika, ya je wurin wani matashi mai gyaran agogo wanda Baba ya girme shi da shekaru masu yawa, ya ce yana so ya zama yaronsa. Shi ke buɗe shago, shi ke shara, shi ake aika. Yana kiran yaron nan maigida a gaban kowa. Baffa, yayan Baba, wanda ya yi aiki a ofis ɗaya tun yana saurayi har ya yi ritaya, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya zo gida da daddare, muna jin su daga ɗaki. Ya ce, "Kai yanzu da girmanka da 'ya'yanka ka koma ɗan aiken yaro? Me kake so a ce da mu?" Baba ya yi shiru har ya gama, sannan ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Aikin ne ya ƙare, ni ban ƙare ba. In na tsaya jiran wanda ya girme ni ya koya mini, yaran nan ba za su jira ba." Baffa mutumin kirki ne, ya taimake mu a lokuta da dama, ba zan manta ba. Amma har ya rasu bai daina kallon ƙanensa a matsayin wanda bai samu alƙibla ba, kuma daga bakinsa wannan magana ta bazu cikin dangi.

Da ya ƙware ya kafa nasa teburin, ni ce mai nemo masa abin da ya faɗi. Yakan shimfiɗa farin ƙyalle, ya maƙala gilashin ido ɗaya, ya ɗauki hantsaki. In zai ɗora wani ɗan sukuru sai ya riƙe numfashi, don hucin hanci kawai ya isa ya hure shi. In kuwa ya tsere, sai ya ce, "'Yata, kawo idonki," in durƙusa da mayen ƙarfe ina bin ƙasa a hankali. Shi ya nuna mini cikin agogo mai wani, wato wanda ake murɗawa da hannu: ɗan wilin nan mai kai da komo, da siririyar wayar da ta nannaɗe a kansa, wadda in ta lanƙwashe kaɗan agogo ya dinga gudu ko jinkiri. Yawancin agogunan da ake kawo masa suna bugawa sau biyar a daƙiƙa, wato sau 18,000 a awa. Ya nuna mini jajayen duwatsun da ƙafafun wili ke juyawa a cikinsu don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, ya ce abin da ake nufi ke nan in an rubuta duwatsu 17 a fuskar agogo. Mai kuwa da tsinin allura yake ɗiga shi, in ya yi yawa ya ja ƙura, in ya yi kaɗan ya bushe. Kafin ya buɗe kowane agogo sai ya kara shi a kunne, a kwance, a tsaye, a kife. Kunnen da ya gane zazzaɓin mutum ta waya bai sha wahalar gane ciwon agogo ba.

Ashe tun kafin ya fara shara a shagon nan an riga an yanke wa sana'ar hukunci. A Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogon hannu mai aiki da batir da ɗan dutsen kwaz. Da farko tsadarsa ta hana shi yaɗuwa, amma cikin shekaru kaɗan ya yi araha ya cika duniya. Ɗan dutsen da ke cikin irin waɗannan agoguna yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, mafi arahar cikinsu ya fi tsadadden agogo mai wani riƙe lokaci. A Suwizalan kanta, uwar agogo, kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikatan wannan masana'anta sun rasa aikinsu tsakanin 1970 da ƙarshen shekarun 1980. To ina ga mai ɗan tebur? Aikin Baba ya koma canza batir da maɗauri. Wanda nasa ya lalace sai ya jefar ya sayi sabo.

Bai jira teburin ya mutu gaba ɗaya ba, ya fara karɓar rediyo. Wannan karon littafi ne malaminsa, da wani matashi da yake zuwa wurinsa da yamma. Ya tarar da ragowar manyan rediyoyi masu bawul, waɗanda sai sun ɗau zafi kafin su yi magana, amma kasuwar ta riga ta koma ta transisto, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947. Ya koyi narka dalma, ya koyi karanta zanen da ke nuna hanyar wuta. Yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya tsallakewa: a fara da abu mafi sauƙi. Batir yana da rai? Wuta tana shiga? Wayar sifika ba ta tsinke ba? Sai an gama da waɗannan ake zargin manyan kaya. Sau da yawa mutum ya kawo rediyo ya ce gajeren zango ya lalace, tashar da yake kamawa da rana ta ɓace da dare. Baba ya zaunar da shi ya yi masa bayani cewa muryar tana tashi ne sama ta bugi wani rufi na iska can ƙololuwa ta dawo ƙasa, rufin nan kuma yana canzawa da fitowar rana da faɗuwarta. Da rana ka nemi tasharka wajen mita 16 ko 19, da dare ka gangara 31 ko 49. Ya mayar masa da rediyonsa bai karɓi komai ba. Inna takan ce, "Malam, ko ladan bayanin ai ka karɓa." Ya ce bai gyara komai ba. Ita ma wannan sana'ar haka ta bi sahun 'yar'uwarta, da aka dunƙule cikin rediyo duka a ɗan baƙin abu guda da ba ya buɗuwa, sabuwa kuma ta fi gyara sauƙi.

Hoto shi ne ya fi daɗewa a hannunsa, shi ne kuma ya yi mana karatu. Inna ce ta sayar da sarƙarta da 'yan kunnenta aka sayi kyamarar farko, ina so a rubuta wannan a san shi. Ya toshe tagar wani ɗan ɗaki, ya liƙe duk wata kafa da haske zai bi. Fim a baƙin duhu ake zare shi, da lalube, ko ƙyallin ashana ya taɓa shi hotuna 36 sun tafi. Takardar hoton baƙi da fari kuwa jan haske ba ya yi mata komai, shi ya sa akwai jan ƙwan fitila a rataye. Faranti uku ne a jere: na farko mai fito da hoto, na biyu mai tsayar da aikin na farko, na uku mai kafe hoton don kada haske ya ƙara taɓa shi. Maganin yana son sanyin digiri 20, in ya ɗumama hoto ya ƙone da wuri. Ranar da ya fara barina na shiga, ya sa farar takarda a farantin farko ya ce in dinga girgiza shi a hankali. Ba komai, ba komai, sai ga idanu biyu sun fara fitowa, sannan hanci, sannan fuskar mutum gaba ɗaya tana kallona daga cikin ruwa. Na yi ƙara na ja da baya. Ya yi dariya ya ce azurfa ce a jikin takardar, inda haske ya taɓa ta nan take yin baƙi. Ba ya duba agogo a ɗakin nan, shi da ya gyara ɗaruruwansu. Da yatsa yake ƙirga daƙiƙoƙi a bakin tebur.

Wata tsohuwa ta taɓa kawo masa hoton ɗanta da ya rasu, shi ke nan guda ɗaya da take da shi, ruwa ya taɓa shi, gefen fuskar ya ɗaye. Baba ya kafa hoton a bango ya sake ɗaukarsa da kyamara, ya wanke babba, ya zauna da siririn buroshi da gilashinsa na gyaran agogo yana cike inda ya ɓace, ɗigo bayan ɗigo. Ya tambaye ta ko kunnen ɗan nata irin nata ne, ta ce irin na ubansa ne, ya sa aka kawo ƙanen mamacin ya duba nasa. Da ta zo karɓa ta zauna a ƙasa ta rungume hoton. Baba ya fita waje ya bar mata shagon har ta gama.

Sauran labarin kowa ya san shi. Injinan wanke hoto mai kala cikin awa ɗaya suka fara cin kasuwar, sannan kyamarar da ba ta buƙatar fim ta zo. Wani injiniyan Kodak ne ma ya fara haɗa irinta a 1975, kamfanin da fim ya gina shi, a 2012 kuma shi kansa Kodak ɗin sai da ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki. Da waya mai kyamara ta shiga aljihun kowa, magana ta ƙare. Duk da haka Baba, da furfurarsa fes, ya sa jikansa ya zaunar da shi gaban kwamfuta yana nuna masa yadda ake gyara hoton fasfo a buga. Yaron yana yi masa tsawa irin ta yara, "Ba nan ba, Kaka, can!" shi kuma yana cewa to, yana rubutawa.

Ba zan ce wannan rayuwa ba ta da tsada ba. Duk lokacin da sana'a ta mutu akwai watanni da babu abin da ke shigowa, kuma Inna ce ke ɗaukar nauyinsu da ɗinkinta. Akwai zangon da yayata ta zauna a gida don kuɗin makaranta bai samu ba. Inna ta taɓa gaya mini cewa ita ba ta taɓa tsoron Malam zai zauna haka nan ba, abin da take tsoro shi ne watannin koyo. Sannan ga tsufa. Baffa ya yi ritaya yana karɓar fansho duk wata, kuma haƙƙinsa ne, ya yi wa aikinsa biyayya. Baba ya yi aiki shekarun da suka fi nasa yawa, amma a gutsure, kowane gutsure bai kai a lissafa shi ba. Tsarin fansho irin wanda suka tarar an gina shi ne don mutumin da ya shiga ƙofa ɗaya ya fita ta ita. Wanda aka rufe masa ƙofa sau da yawa, ba da laifinsa ba, ba shi da gurbi a ciki. Wannan abu yana damuna har gobe, musamman da nake ganin 'ya'yanmu na shiga zamanin da sana'a ke tsufa tun mai ita bai gama biyan kuɗin koyonta ba. Irin Baba za su yi yawa nan gaba, kuma ban ga alamar an shirya musu komai ba.

A shekarunsa na ƙarshe yanar ido ta rufe masa gani, aka yi masa aiki ya dawo yana gani, amma hannu ya fara rawa. Sai ya koma zama wurin wasu samari masu gyaran waya. Da farko don hira yake zuwa. Da ya ga yadda suke saurin cire kaya su sa sabo, ya fara tambayarsu, kun duba batir? Kun duba bakin caji ko datti ne ya toshe shi? Suka fara dariya, daga baya suka ajiye masa kujera. Ya koya musu yadda ake narka dalma ba tare da an ƙona abin da ke kusa ba, su kuma suka koya masa sunayen kayan cikin waya. Ɗaya daga cikinsu yake kira maigida, yaron da ya yi jika da shi. Yaron ya yi ta roƙonsa ya daina, ya ce ai wanda ya san abin da ba ka sani ba maigidanka ne a wannan wurin.

Bayan rasuwarsa muka buɗe akwatinsa muka tarar da littattafan rubutu ɗaure da igiya. Ashe tun daga ofishin waya yake rubuta duk abin da aka koya masa, da wanda ya koya masa, da kuskuren da ya yi a aiki da yadda ya gyara. Akwai zanen ƙurjin agana kwana bayan kwana, akwai zanen cikin agogo, akwai ma'aunin magungunan hoto, a na ƙarshe kuma, da rubutu mai karkarwa, jerin abin da ake dubawa in waya ta ƙi ɗaukar caji. Kayan aikin mun raba wa waɗanda za su yi amfani da su. Samarin nan suka ɗauki hantsaki da gilashin ido, kyamarar tana wurin Inna don da sarƙarta aka saye ta. Littattafan ni na riƙe, ina kwafe su a kwamfuta don kowane jika ya samu nasa. Na gama na tangarahu da na lamba da na agogo. Na rediyo ne ya tsayar da ni, saboda zane ya yi yawa kuma Baba yana taƙaita kalmomi irin na masu buga waya. Yaron nan da yake kira maigida yana zuwa duk ƙarshen mako ya duba zanen ya gaya mini abin da ake nufi, ni kuma in warware masa taƙaitattun kalmomin. In Allah Ya yarda kafin shekara ta zagayo za mu shiga na hoto.